ZAUREN ILMI: Shari'ar Mayun Salem a Ajin Sakandare

Yau zan jingine maganar da na yi niyyar kawo muku saboda wata wasiƙa da ta iso mini daga wani ɗan ƙasarmu wanda neman abinci ya kai shi Amurka, shi da iyalinsa. Ya ce 'yarsa mai shekara 16, wadda ke aji na 11 a makarantar sakandare ta can, ta komo gida da wani ɗan littafi, wai shi za su karanta a wannan zango. Da ya tambaye ta abin da ke ciki, sai ta ce labarin mayu ne da yadda aka rataye su. Nan take hankalinsa ya tashi. Ya ce shi dai ya sa yarinya makaranta don ta sami ilmin da zai amfane ta, to me ya kawo maita cikin aji? Abin da yake so ya ji daga gare ni shi ne, ya tafi wurin shugaban makaranta ya nemi a sake mata wani littafi, ko kuwa ya ƙyale?

Malam, na gode da wannan wasiƙa, kuma tambayar taka ta uban kirki ce. Shawarata ita ce ka ƙyale ta ta karanta, kai ma in ta ajiye ka ɗauka ka duba. Amma fa shawarar tana da sharuɗɗa, kuma ba za su fito sosai ba sai na fara gaya maka abin da ya auku, da wanda ya rubuta littafin, da dalilin da ya sa ya rubuta.

Sunan littafin The Crucible, watau 'yar tukunyar nan da maƙeran fari ke narka azurfa a ciki don gurɓi ya rabu da tsantsa. Wasan kwaikwayo ne mai kashi huɗu, wanda Arthur Miller ya rubuta, aka fara nuna shi a birnin Niyok ran 22 ga Janairu, 1953. A makarantun Amurka da yawa shekarar aji na 11 ita ce ta nazarin adabin ƙasar, shi ya sa wannan wasa yakan faɗo a hannun yara masu shekara 16 zuwa 17.

Tushen labarin ba ƙage ba ne. A farkon ƙarni na 17 waɗansu Kiristoci masu tsananin riƙon addini, da ake kira Furitan, suka bar Ingila suka kafa mazauni a gaɓar Massachusetts. Cikin 1692 ƙasar tana cikin halin ɗar-ɗar. Ana yaƙi da Faransawa da 'yan asalin ƙasa a kan iyaka, Sarkin Ingila ya soke takardar mulkinsu tun 1684 kuma sabuwar ba ta iso ba tukuna, ga shi a ƙauyen Salem mutane sun rabu biyu a kan limaminsu, Samuel Parris, har albashinsa da itacen wutarsa sun zama abin gardama. Ana cikin haka sai 'yarsa Betty mai shekara 9 da 'yar ɗan'uwansa Abigail Williams mai shekara 11 suka fara faɗuwa suna shure-shure da kururuwa. Likita ya duba ya rasa gane ciwon, ya ce akwai hannun mugu a ciki. Aka matsa wa yaran su faɗi mai cutar da su, suka ambaci mata uku: Tituba, baiwar gidan, da Sarah Good, wata matalauciya mai bara, da Sarah Osborne, wata mai fama da ciwo wadda ta daɗe ba ta leƙa majami'a ba.

Da abin ya tsaya a kan waɗannan uku, watakila da ba mu ji labarinsa ba. Amma Tituba ta amsa laifi, ta ce akwai waɗansu, daga nan wuta ta kama. A ƙarshen watan Mayu sabon Gwamna, William Phips, ya kafa kotu ta musamman a ƙarƙashin William Stoughton. Wannan kotu ta yarda da irin shaidar da zan kira shaidar kurwa, watau mutum ya tashi ya ce ya ga kurwar wance ta zo tana shaƙe shi, alhali ba wanda ya gani sai shi. Wanda aka yi wa irin wannan shaida ba shi da hanyar kare kansa, don ko ya kawo mutum goma da suka gan shi a gona a wannan lokaci, sai a ce ai jikinsa suka gani. Ran 10 ga Yuni aka rataye Bridget Bishop. Ya zuwa 22 ga Satumba an rataye mutum 19, mata 14 da maza 5. Wani tsoho mai kimanin shekara 80, Giles Corey, ya ƙi buɗe baki ya amsa tuhuma, aka yi ta jibga masa duwatsu a ƙirji har ya mutu ran 19 ga Satumba. Aƙalla mutum 5 suka mutu a kurkuku. Har wata yarinya da ba ta wuce shekara 5 ba, 'yar Sarah Good, sai da aka tsare.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, fiye da mutum 50 suka amsa cewa su mayu ne, kuma ba a rataye ko ɗaya daga waɗanda suka tsaya a kan amsawarsu ba. Waɗanda suka ce ba su yi ba, su igiya ta ci. Wata dattijuwa mai shekara 71, Rebecca Nurse, maƙwabta 39 suka sa hannu a takardar shaidar halinta na kirki, masu taimakon alƙali suka wanke ta, amma da yaran suka ɓarke da ihu a kotu aka ce su koma su sake shawara, suka dawo suka ce tana da laifi. Sai da zargi ya fara taɓa manya, kuma malaman addini irin su Increase Mather suka soki shaidar kurwa, sa'an nan Gwamna ya rushe kotun a watan Oktoba. Cikin 1697 ɗaya daga alƙalan, Samuel Sewall, ya miƙe tsaye a majami'a aka karanta takardar neman gafararsa a gaban jama'a. Cikin 1711 hukuma ta wanke waɗansu, ta biya iyalansu diyya.

To me ya kai Miller ga tono wannan tsohon rami bayan shekara 260? Zamaninsa ne ya kai shi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu tsoron Kwaminisanci ya cika Amurka. Cikin 1950 Sanata Joseph McCarthy ya tashi ya ce yana da jerin sunayen 'yan Kwaminis da ke aiki a Ma'aikatar Harkokin Waje. Tun kafin shi ma akwai wani kwamiti na Majalisar Wakilai da ke kiran marubuta da 'yan fim yana tuhumarsu, kuma hanyar tsira a gabansa ita ce mutum ya amsa, ya yi tir da abin da ya yi a baya, kana ya ba da sunayen abokansa. Wanda ya ƙi, aikinsa ya tafi, wani ma har gidan yari. A watan Afrilu na 1952 Elia Kazan, aminin Miller wanda ya shirya masa wasanninsa biyu a dandali, ya ba kwamitin sunaye. A cikin wannan bazara Miller ya tafi Salem ya zauna yana karanta takardun shari'ar 1692.

Shi ma abin bai bar shi ba. Cikin 1954 aka hana shi fasfo lokacin da zai tafi Beljiyam kallon wasan nasa. Cikin 1956 kwamitin ya kira shi, ya yi bayani a kan kansa amma ya ƙi ambaton kowa. Cikin 1957 aka same shi da laifin raina Majalisa, sai cikin 1958 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Ashe mutumin ya rubuta jarrabawar da za a yi masa tun shekara uku kafin a yi ta.

A cikin wasan, Abigail budurwa ce mai shekara 17 wadda ta yi aikatau a gidan wani manomi, John Proctor, har suka yi lalata, matarsa Elizabeth ta kore ta. Da aka kama 'yan mata suna rawa a daji, sai suka juya laifin a kan waɗansu don su tsira, Abigail kuwa ta ga dama ta samu ta kawar da Elizabeth. Proctor ya je kotu ya tona asirin kansa don ya nuna yarinyar maƙaryaciya ce. Aka kawo Elizabeth, matar da aka shaida ba ta ƙarya, aka tambaye ta, ita kuwa don ta rufa wa mijinta asiri ta ce bai yi ba. Wannan ƙarya guda ta ƙauna ita ta rushe shi. A ƙarshe aka ce ya sa hannu a takardar amsa maita ya rayu. Ya sa hannu, amma ya ƙi ambaton kowa, da ya ji kuma za a manna takardar a ƙofar majami'a, ya tuna 'ya'yansa da sunan da zai bar musu, sai ya yayyaga ta, aka tafi da shi.

Ka gani, Malam, ba maita ake koya wa 'yarka ba. Babu maye ko ɗaya a littafin daga farko har ƙarshe. Abin da ke ciki shi ne yadda tsoro ke cinye hankalin gari, da yadda mai son gonar maƙwabcinsa ke fakewa da addini, da yadda alƙali kan gwammace ya ci gaba da kisa da a ce ya yi kuskure tun farko. Yaro mai shekara 16 ya san wannan duniya fiye da yadda muke zato, don kullum yana ganin yadda magana guda a waya ke zagaye makaranta kafin a tashi, a wayi gari ba mai zama kusa da wance.

Yanzu ga sharuɗɗan, kuma da malamai nake, ko na can ko na ko'ina da wannan littafi ya shiga hannunsu.

Na farko, a raba wasa da tarihi. Miller da kansa ya faɗa a farkon littafin cewa ya sassauya abubuwa, amma ɗalibai kan tsallake wannan shafi, malamai da dama kuma ba su komawa da su. Abigail ta gaskiya shekararta 11, John Proctor kuwa ya kai kimanin 60, kuma babu wata takarda da ta nuna wani abu ya taɓa shiga tsakaninsu. Rawar daji ba ta cikin takardun kotu. Tituba, wadda wasan ya nuna baƙar fata ce, takardun zamanin suna kiranta 'yar asalin nahiyar Amurka. Danforth, wanda wasan ya mai da shi uban shari'ar, ba ya cikin alƙalan kotun da ta yanke hukuncin kisa. Stoughton ne ya shugabance ta, shi kuwa har ya mutu bai nemi gafara ba. Marubuci yana da ikon sauya labari don ya zauna a dandali, ba wanda ya hana shi. Amma idan ɗalibi ya fita aji yana zaton kishin wata budurwa ne ya kashe mutum 20, to an sauke kaya daga kan manya masu riguna da hatimi, an ɗora wa yarinya ƙarama. Yara sun yi ihu, gaskiya ne, amma ba yaro ne ya sa hannu a takardar rataya ba.

Maganin wannan yana da sauƙi, tun da takardun shari'ar suna nan, Jami'ar Virginia ma ta sa su a intanet. Malami ya ɗauko wasiƙar da John Proctor na gaskiya ya rubuta daga kurkuku a watan Yuli na 1692 zuwa ga malaman addini na Boston, inda ya koka cewa an ɗaure ɗansa wuya da dugadugai har jini ya fito masa ta hanci don a tilasta shi ya amsa. A ajiye ta kusa da kashi na huɗu na wasan, a tambayi ɗalibai: me Miller ya ɗauka, me ya bari, kuma don me? Wannan darasi guda ya fi haddar sunayen 'yan wasa amfani nesa ba kusa ba.

Na biyu, kada a mai da Proctor waliyyi. Shekara da shekaru ana koya wa yara cewa shi ne gwarzo, Abigail kuma shaiɗaniya, ana mantawa cewa ko a cikin wasan shi magidanci ne, ita kuwa marainiya ce da ke ƙarƙashin ikonsa. 'Yan matan yanzu ba su barin wannan ya wuce. Har wata marubuciya, Kimberly Belflower, ta gina sabon wasa a kan wannan gardama, mai suna John Proctor Is the Villain, watau shi ne mugun, inda ta nuna waɗansu 'yan sakandare a wani ƙauyen jihar Jojiya suna karanta littafin Miller cikin 2018 suna tuhumar abin da ake gaya musu. An fara nuna shi cikin 2022, ya kai manyan dandalan Niyok cikin 2025. Ni a ganina mutum yana iya zama azzalumi a ɗakinsa kuma ya tsaya tsayin daka a gaban igiya, kuma ɗalibin da ya iya riƙe waɗannan biyu a kansa lokaci guda ya fara sanin mutane. In 'yarka ta ce ba ta yarda da Proctor ba, kada malami ya ce ta yi kuskure, ya ce ta kawo hujja daga littafi.

Na uku, a yi hattara da wani wasa da malamai da yawa ke buɗe darasi da shi. Malami zai raba 'yan takardu a naɗe, ya ce waɗansu suna da alamar maye, kowa ya ɓoye tasa, sa'an nan a haɗa ƙungiyoyi, duk ƙungiyar da maye ya shiga ta faɗi. Kafin minti goma aji ya kaure da zargi, wannan ya ce wane ya yi murmushi, wancan ya ce wance ta sunkuyar da kai. A ƙarshe a buɗe takardu, a ga babu alama a ko ɗaya. Dabara ce mai kyau, tana kuma shiga zuciya. Amma malami ya lura da wanda aka fara nunawa da yatsa, don sau da yawa zai tarar baƙon aji ne, ko mai wata irin shiga, ko wanda da ma ba shi da aboki, daidai yadda Salem ta fara da baiwa da mai bara da maras lafiya. In malami ba zai tsaya ya warware wannan tare da yaran ba, gara ya bar wasan, don kada ya koya darasi da hawayen yaro guda. Wannan ita ce tambayar da ya kamata ka yi in ka je makarantar, Malam, tun da 'yarka baƙuwa ce a can.

Akwai kuma wata tsohuwar suka da ya kamata a kawo wa ɗalibai. Tun 1953 waɗansu suka ce kwatancen Miller bai daidaita ba, don babu mayu a Salem, amma akwai 'yan Kwaminis a Amurka, har da masu leƙen asiri na gaske. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ɓoye ta rashin adalci ne. Sai dai inda zamanan biyu suka yi kama shi ne tsarin tuhumar: zargi ya zama hujja, musu ya zama ƙarin laifi, kuma mutum ya sayi kansa da sunan ɗan'uwansa. Ko da akwai ɓarawo a gari, wannan hanya ba ɓarawo take kamawa ba.

Daɗin daɗawa, wasa ne, don haka a yi shi da baki da jiki. Turancinsa kwaikwayon na ƙarni na 17 ne, kuma a kashi na farko Miller ya cusa dogayen bayanai da kan gajiyar da yara. Malami ya raba matsayi, a ture tebura, a yi kashi na uku a tsaye, inda 'yan matan ke maimaita duk abin da Mary Warren ta faɗa har ta rikice ta koma cikinsu. Ɗalibin da ya tsaya a tsakiyar wannan da'ira sau ɗaya ba ya bukatar a fassara masa tsoron taro.

Game da zuwa a nemi cire littafi kuwa, an taɓa yi. Cikin 2006, a garin Fulton na jihar Missouri, hukumar makaranta ta soke shirin nuna wannan wasa bayan 'yan ƙorafe-ƙorafe da aka yi a kan wani wasa dabam da ya gabace shi, don gudun abin da ka je ya zo. Jaridun ƙasar suka yi ta mamakin yadda tsoron surutu ya hana wasan da ke magana a kan tsoron surutu. Gwada wannan da abin da ya faru a North Andover, kusa da Salem. Can waɗansu yara 'yan aji na 8, a darasin sha'anin ƙasa, suka gano cewa wata mai suna Elizabeth Johnson ƙarama, wadda aka yanke wa hukuncin kisa cikin 1693 tana da shekara 22 amma ba a rataye ta ba, har yanzu ba a wanke sunanta ba, don ba ta bar zuriyar da za ta bi mata kadi ba. Yaran da malamarsu suka yi bincike, suka rubuta wa 'yan majalisa, cikin 2022 jihar Massachusetts ta wanke ta, bayan shekara 329.

Mu ma kada mu karanta wannan labari muna taɓe baki, wai ga Turawan da can da jahilci. Wane ne a cikinmu bai taɓa jin an ce yaro yana zazzaɓi ya kira sunan wata tsohuwa ba, kafin a ce kwabo unguwa ta taru a ƙofarta ana cewa ta fito ta tsallake shi? Wannan ita ce shaidar kurwa, ba ragi ba ƙari, kuma 'ya'yan tsohuwar da jikokinta su ne za su ɗauki tabon har wajen neman aure. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka, Malam, ka je makarantar, amma da tambaya za ka je. Ka tambayi malamin ko zai nuna wa yara inda wasa ya rabu da tarihi, da kuma yadda zai kula da baƙon aji. In ka komo gida, ka sa yarinyar ta karanta maka kashi na huɗu da dare, sa'an nan ka tambaye ta, da ita ce aka miƙa wa alƙalami da takarda, da me za ta yi? Ka shirya, don lalle za ta juyo maka da tambayar.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, inda za mu koma kan maganar da muka jingine.